Kwana shida a dajin Zakuma: me ake gani, me ake yi da sauran lokacin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokan kasuwancina na Njamena sun gayyace ni gandun dajin Zakuma, wai za mu yi kwana shida a wani sansani can cikin daji. Ni Yankari kaɗai na taɓa zuwa, a watan Agusta, muka fita da mota bayan azahar, ban ga komai ba sai gwaggon biri da mugun dawa. Me mutum zai yi har kwana shida a inda babu gari babu waya? Zan ga zaki da giwa kuwa? Kuma wane wata ya fi dacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da tambayar da ka ajiye a ƙarshe, domin a kanta sauran suka rataya.

Abin da ya same ka a Yankari ba laifin Yankari ba ne. Ka je a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta fi mutum tsawo, kowane kwari da kowane sawun giwa cike yake da ruwa. Dabbar da ke da ruwa a gindin bishiyar da take kwance, me zai fito da ita bakin hanya? Sannan kun fita bayan azahar, lokacin da ko akuyar gida inuwa take nema. Da a watan Maris ka je, ka zauna kusa da kogin Gaji da sassafe, da labarin ya sha bamban. Kallon namun daji a ƙasashenmu masu doguwar rani a kan ƙishirwa yake tafiya. Kana ganin dabba ne idan ruwa ya yi mata ƙaranci, har ya tilasta mata zuwa wurin da kai ma ka san dole ta zo.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar Zakuma. Gandun yana kudu maso gabashin Chadi, a yankin Salamat, kusa da garin Amtiman, tafiyar kusan kilomita 800 daga Njamena. An kafa shi a 1963, girmansa kuma kusan murabba'in kilomita 3,000 ne, wato ya ɗan ɗara Yankari mai 2,244. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, kuma gabashinta baƙar laka ce irin wadda ake dasa masakwa a kanta a Borno. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa yake malale ta, mota ba ta shiga ba ta fita, dabbobi da yawa ma ficewa suke yi daga gandun su nufi tudu. Saboda haka ba a karɓar baƙi da damina, sai daga wajen Disamba zuwa Mayu. Da ruwa ya fara janyewa sai kogin Bahar Salamat da rassansa su yayyanke su koma gurabu, fadamu su riƙa tsukewa mako bayan mako, dabbobin da suka watsu su riƙa dawowa suna matsuwa a kan ɗan abin da ya rage.

To ka ga zaɓin wata ciniki ne. A Disamba da Janairu akwai sanyin dare har da neman bargo, daji kore ne gwanin sha'awa, amma ruwa yana ko'ina, ciyawa ba ta kwanta ba, dabbobi a warwatse suke. A Maris da Afrilu kuwa duk mai rai yana bakin ruwa, sai dai zafi yakan haura digiri 40, wata rana iska ta buso kamar an buɗe murfin tanda. Idan shawarata kake so, ka je tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris. Wanda ya saba da bazarar Maiduguri ko Sakkwato zai iya da Afrilu, kuma shi zai fi kowa ganin abin mamaki. Ka dai duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi ba ka shirya ba.

Masaukai biyu ne aka fi sani. Akwai Tinga, mai ginannun ɗakuna a bakin wani rafi, shi ne mai sauƙin kuɗi, kuma wanda ya zo da motarsa daga Njamena can ya fi sauka. Akwai kuma Camp Nomade, wanda nake kyautata zaton shi abokanka suke nufi idan sun ce can cikin daji. Tantuna ne 'yan kaɗan da ake kafawa da rani a bakin fadama, a kwashe su kafin ruwa ya sauka, an tsara su bisa salon zaman makiyaya, da tabarmi da darduma da kilisai. Babu katanga, babu shinge. Ruwan wanka a bokiti ake rataye maka shi, wuta daga hasken rana take. Mutum zai ce to me ya sa kuɗinsa ya fi na babban otal a Abuja? Saboda kowace ƙwayar shinkafa da kowane digon mai daga nesa aka ɗauko su, kuma saboda za ka iya wuni a bakin fadama ba ka ga wata mota ba sai taku. Wanda ya taɓa ganin motoci ashirin sun yi wa zaki ɗaya zobe a Masai Mara ta Kenya ya san darajar wannan.

Ga yadda yini yake tafiya. Kafin asuba za a tashe ka, ka yi salla, ka sha shayi, kafin rana ta ɓullo kun hau mota marar rufi a gefe. Ba don takura wa baƙo ake wannan sammako ba. Awa biyun farko na safiya su ne lokacin da masu farautar dare ba su kwanta ba tukuna, masu cin ciyawa kuma suna fili. Ƙurar hanya ma ba a taka ta ba, duk abin da ya wuce cikin dare ya bar sa hannunsa. Ɗan rakiya nagari zai tsayar da mota ya nuna maka sawun zaki, babba mai faɗi ba alamar farce, domin shi yana maƙale farcensa idan yana tafiya, ya bambanta maka shi da na kura mai farata a fili. Zai duba ko sawun ya hau kan na zabin da suka sauko da asuba ko kuwa zabin ne suka taka shi, daga nan ya san ko zakin ya daɗe da wucewa. Kunne kuma ya fi ido aiki. Gwaggon biri idan ya hango damisa ko zaki yana da wani irin haushi na gargaɗi da yake yi. Maraya tana yin fito mai kaifi. Ungulu idan suna shawagi a sama ba komai ba ne, amma idan ka ga sun jeru a kan bishiya ɗaya ba su sauka ba, to akwai mushe a ƙasa kuma mai shi yana kusa.

Kuskuren da baƙi suka fi yi, musamman 'yan kasuwa irinku da suka saba da lissafin lokaci, shi ne matsa wa direba ya yi gaba. An ga ɓauna, an ɗauki hoto, to mu je. A haka za ka zagaye daji kilomita ɗari ka koma da ciwon baya da hotunan gindin dabbobi suna gudu. Abin da nake gaya wa duk wanda na raka shi ne, a samu ruwa, a kashe inji, a yi shiru. Minti goma sha biyar na farko ba za ka ga komai ba, domin zuwanku ya kore su. Bayan nan daji yake mantawa da ku.

Fadamar Rigek ita ce wurin irin wannan zama. Fili ne fetal mai ɗan ruwa a tsakiya, kuma a watan Maris abin da ke taruwa a wurin sai wanda ya gani. Gauraka, wadda a da take ko'ina a fadamun Hadeja da Nguru amma yanzu sai ka yi shekaru ba ka ji kukanta ba, a nan dubbai ne, da asuba kukansu kaɗai ya isa ya tashe ka. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga kwasakwasa suna jera sahu suna kora kifi zuwa gaɓa, ga borin tunke yana tsaye kamar mai jiran a biya shi bashi. An ƙidaya tsuntsaye sama da iri 370 a gandun. A bayansu kuma garken dari da kanki da gwambaza da maraya, wani lokaci gwanki, kowa yana jiran wani ya fara taka laka. Ka lura da raƙumin dawa. Zai iya yin rabin awa yana dube-dube kafin ya sha ruwa, domin sai ya tale ƙafafun gaba ya sunkuyar da wannan dogon wuya, kuma a wannan tsayuwa ce zaki ya fi samun sa da sauƙi. Idan ka san dalilin jinkirin nasa, rabin awar ba za ta gundure ka ba.

Irin raƙumin dawan da ke nan shi ake kira na Kordofan, kuma aƙalla rabin waɗanda suka rage a duniya a Zakuma suke. Ba iri ɗaya ba ne da na Kure da ke kusa da Yamai, ko da yake 'yan uwan juna ne na kusa. Ɓauna kuwa, saniyar sake, labarinta abin daɗi ne: a 1986 kusan 220 kawai aka ƙirga, yau sun haura 10,000. Wasu baƙaƙe, wasu jajaye kamar shanun Rahaji, a garke ɗaya. Da yamma za ka fara hango ƙura ta tashi a bakin daji kamar guguwa, sai ƙasa ta fara amsawa, sai ga su ɗaruruwa sun fito, carki a bayansu, balbela a ƙafafunsu.

Amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai ba babba ba ne. Jan-baki ne. E, wannan tsuntsun da manoman shinkafa na Kebbi da Jigawa da Yobe suke kwana suna tsine wa, wanda har jirgi ake tayarwa a yi masa feshi. A Zakuma miliyoyinsu suke zuwa shan ruwa da safe da kuma gab da magariba. Daga nesa sai ka ɗauka gobara ce, hayaƙi yana murɗawa yana warwarewa. Idan suka iso ƙarar fukafukansu kamar saukar ruwan sama a kan kwano, idan suka sauka a kan bishiya reshe yakan karye don nauyi. Shirwa da shaho suna faɗawa cikinsu ta sama, borin tunke yana tsintar waɗanda suka jiƙe. Duk manomin da ya ga wannan zai yi tasbihi, sannan ya tuna gonarsa ya yi tsaki.

Yanzu ga giwa. A nan sai na ɗan ba ka tarihi, domin in ba ka san shi ba za ka yi fushi da abin da za ka tarar. A 2002 giwayen Zakuma sun haura 4,000. Cikin shekara takwas mafarauta masu zuwa a kan dawakai, akasarinsu daga wajen Darfur, ɗauke da bindigogin yaƙi, suka kashe su saboda haure har suka koma kusan 450. A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa gudanar da gandun ga African Parks, wata ƙungiya mai kula da gandayen daji a Afirka. Aka sake horar da masu gadi, aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba don su kai rahoton baƙin mahaya, aka kuma daina janye ma'aikata da damina kamar yadda ake yi a da. Kisan ya tsaya kusan cak. Amma tsoro ya riga ya shiga jikin giwayen. Maimakon ƙananan iyalai kamar yadda aka san giwa, sai suka dunƙule suka zama garke guda, kuma suka daina haihuwa na wasu shekaru. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, saboda haka farfaɗowa ba ta sauri. Zuwa 2018 an ƙirga 'ya'ya ƙanana fiye da 100, adadin giwayen kuma daga baya ya haura 600.

Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, babban garken ba ya tsayawa a fili yana jiran hoto. Sun fi son kurmin dushe mai duhu, kuma uwayen da suka ga abin da ya faru ba su manta warin mutum ba. Wata rana sai an yi tafiyar awoyi, a sauka daga mota, a bi ta inda iska ba za ta kai musu warinku ba, sannan ka ji su kafin ka gan su: karyewar rassa, da wani gurnani mai zurfi da ake ji a ƙirji. In Allah ya sa kun dace da fitowarsu shan ruwa, ka ga ɗaruruwan giwaye a dunƙule da 'ya'ya a tsakiya, to kuɗinka ya fita. In ba ku dace ba, akwai toraye da suka saba zuwa hedikwatar gandun da rana, har suna miƙo hanci a zuba musu ruwa da tiyo. Dabbar da aka kashe mata dangi tara cikin goma ce take miƙo wa ɗan Adam hanci. Ni dai ban taɓa sabawa da ganin wannan ba.

Zaki fa? Cikin kwana shida a watan Maris, damarka tana da ƙarfi sosai, domin shi ma bakin ruwa yake tarewa yana jiran abinci ya kawo kansa. Amma kada wani ya yi maka alkawari, daji ba gidan zu ba ne. Kuma ka rage buri: zaki yakan kwashe mafi yawan yini a kwance, sau da yawa abin da za ka gani shi ne kunne yana motsi a ƙarƙashin giyayya. Mazan wannan yanki ma gezarsu ba ta cika kamar ta waɗanda kake gani a talabijin daga Tanzaniya ba. Jin sa ya fi ganin sa. Idan ya yi ruri da tsakar dare kana kwance, tsakaninka da shi ƙyallen tanti, a nan za ka gane dalilin kirarin manyan dawa. Damisa kuwa, ƙi sabo, tana nan, amma ganin ta rabo ne. Karkanda ma akwai: ta ɓace daga Chadi tun farkon shekarun 1970, aka kawo shida daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, aka ƙaro biyar a ƙarshen 2023. Ana tsaron su sosai, kada ka sa ran gani.

Da dare akwai wata fitar, da fitila mai ƙarfi. Kada ka bari gajiya ta hana ka, domin wani dajin ne dabam. Mai riƙe da fitila ido yake nema, idanun dabbobin dare suna mayar da haske kamar na kyanwa. A nan ake haɗuwa da inyawara, da juda mai turare, da beguwa, da yanyawa, da kura tana ɗingishinta, wani lokaci da dage, ɗan ƙarami mai zuciyar da ko zaki yana shakkar sa. Yawancin waɗannan sunaye a tatsuniya muka san su, yaranmu ma ba su san su ba ko a tatsuniyar. Ƙa'ida ita ce ba a daɗe ana haska idon mai cin ciyawa, domin hasken yana makantar da ita na ɗan lokaci, ka zama kai ka miƙa ta ga zaki.

Sai tafiyar ƙasa, wadda a wurina ta fi komai. Ana fita da sassafe, a jere ɗaya bayan ɗaya, ɗan rakiya da mai gadi riƙe da bindiga a gaba, ba hira, ba waya. A ƙafa ba za ka kusanci dabba kamar a mota ba, domin namun daji sun ɗauki mota wani abu marar cutarwa, amma mai tafiya da ƙafa biyu sun san shi tun kaka da kakanni. Maharbanmu na da ai saboda haka suke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya. Abin da ƙafa take ba ka shi ne ƙananan abubuwa: kashin kura fari fat saboda ƙashin da take ci, ƙwallon aduwa a cikin kashin giwa, ramukan da kadoji suke haƙawa a gaɓar Salamat su shige su fake wa zafi idan gurbi ya kusa ƙafewa. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Duk abin da ya taso, kada ka gudu. Ka tsaya bayan ɗan rakiya ka yi abin da ya ce. Gudu shi ke gaya wa zaki cewa kai abinci ne, kuma zaki da giwa da ɓauna duk sun fi ka sauri. Wadda masu gadi suka fi shakka ma ba zaki ba ce, tsohon bijimin ɓauna ne da ya ware daga garke yake kwance shi kaɗai cikin ciyawa. Wasu baƙi sukan haɗa wannan tafiya da kwana ɗaya a waje a bakin kogi, gidan sauro kawai da shimfiɗa da wuta. Idan an yi maka tayi ka karɓa.

Tsakar rana, daga wajen sha ɗaya zuwa la'asar, ba a yin komai, kuma kada ka yi ƙoƙarin yin komai. A ci abinci, a yi wanka, a jiƙa mayafi a lulluɓa, a yi ƙailula. Mai son karatu ya tafi da littafi. Wayar da kake jin tsoron rabuwa da ita, kwana biyun farko ne za ka riƙa laluba aljihu. Ka dai sallami harkokinka kafin ka bar Njamena, ka bar wa iyali lambar ofishin da ya shirya tafiyar, domin sansani yana da hanyar sadarwarsa ta gaggawa.

Rana ɗaya cikin shidan ka ba mutane ita. Makiyaya Larabawa suna saukowa kewayen gandun da rani da shanu da raƙuma, kuma akwai kasuwar mako da suke ci a kusa, inda a matsayinka na ɗan kasuwa ba za ka rasa abin kallo ba. Larabcin Shuwa ake yi, in kana da ko kaɗan zai yi maka rana, Hausar da ta fisshe ka a kasuwannin Njamena a nan ba lalle ta wadatar ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, musamman mata. Ka kuma roƙa a kai ka hedikwata ka ga ɗakin da ake bin sawun giwaye dare da rana, ka gaisa da masu gadi. A watan Satumba na 2012 mafarauta suka far wa wasu masu gadi shida a wani wuri da ake kira Heban, arewa da gandun, suna cikin sallar asuba, ba wanda ya dawo a cikinsu. Abokan aikinsu ne za su raka ka. Idan ka tashi tafiya ka yi musu alheri da hannu sake, su da masu dafa abinci da masu ɗebo ruwa.

Zaman sansani marar shinge yana da ladubbansa. Bayan magariba ba ka fita daga tanti kai kaɗai, sai ka kira a zo da tocila a raka ka. Kada ka ajiye abinci a inda kake kwana, ko dabino ne, saboda kura da biri. Ka zazzage takalmi kafin ka sa, saboda kunama. Alwala a buta, kada ka kuskura ka tsuguna a bakin gurbi komai ƙanƙantarsa, kada yana iya kwanciya a ruwan da bai kai gwiwa ba. Yawancin ma'aikatan Musulmi ne, ba za ka rasa abokan jam'i ko mai nuna maka alƙibla ba, amma maganar abinci ka faɗe ta tun wajen biyan kuɗi domin daga nesa ake sayo komai.

Kaya kuma, ka bar farar shadda da babbar riga a Njamena. Fari yana tona ka daga nesa, baƙi da shuɗi kuma suna jawo ƙudan tsando, wanda cizonsa yake ratsa riga. Ka nemi tufafi masu launin ƙasa, masu dogon hannu, da hula mai baki ko rawani, rawanin ma ya fi domin yana tare ƙura. Ka ga likita kafin tafiya ya ba ka maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ka riƙe katin allurar shawara, ka ɗauki gishirin haɗa ruwa na masu gudawa domin zufa za ta zuba, ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. In kana shan maganin hawan jini ko na suga ka ɗauki fiye da na kwanakin, asibiti yana da nisa. Kuma in abu ɗaya za ka saya saboda wannan tafiya, kada ya zama kyamara, ya zama madubin hangen nesa naka na kanka. Na karɓa-karɓa ba ya yi, kafin ya zagayo hannunka damisar ta shige.

Daga Njamena ƙaramin jirgi yana kai wa cikin awa biyu da ɗoriya, kuma yana da iyakar nauyin kaya, jaka mai laushi ake so ba akwati ba. Ta mota kuwa tafiya ce ta wuni cur har da ƙari, ta Mongo, da yawa sukan kwana a can su ƙarasa washegari. Chadi ba ta cikin ECOWAS, saboda haka ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu kan takardun shiga tun da wuri, kuma ana bukatar baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin kwana uku da isarsa, abokanka na can sun san ofishin. Kuɗin hannu sefa za ka riƙe, ta Afirka ta Tsakiya, ba irin ta Nijar ba. Gadajen sansanin kaɗan ne, lokacin buɗewarsa kuma gajere, saboda haka in Maris kuke so, ka ce wa abokan naka su kama wuri tun kafin damina ta ɗauke.